Karanta fayilolin binari da harshen Python

Karanta fayil ɗin binari shi ne fitar da lambobi, sunaye, sauti ko taswira daga cikin fayil ɗin kwamfuta wanda ba a ajiye shi a matsayin rubutu zalla ba. Hotuna, faifan sauti, bidiyo, taswirar dijital da rumbunan bayanai duk fayilolin binari ne. Idan aka buɗe irin wannan fayil da manhajar rubutu kamar Notepad, ba a ganin komai sai tarkacen alamomi, domin bayanan da ke ciki an jera su ne bisa wani tsari da mai ƙirƙirar fayil ɗin ya tsara. Wanda bai san tsarin ba, ba zai iya karanta su ba.

Ana yawan yin wannan aiki da harsunan sikirif, wato harsunan shirya manhaja waɗanda ake gudanar da umarninsu kai tsaye ba tare da an fara harhaɗa su ba, irin su Python, Perl da Ruby. Masu binciken harshe, masu zana taswira da ma'aikatan lafiya suna amfani da su wajen ciro bayanai daga fayilolin da wata manhaja ko wata na'ura ta samar. Ga bayanan ƙasar Hausa, aikin yana da ƙarin matsala guda: haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, suna lalacewa idan aka karanta su da tsarin da ba nasu ba.

## Bit da bayit

Kwamfuta tana ajiye komai da alamomi biyu, 0 da 1. Kowace alama ɗaya ana kiran ta bit, bit takwas kuma su ne bayit ɗaya. Werner Buchholz na kamfanin IBM ne ya ƙirƙiro kalmar bayit a shekarar 1956. Bayit ɗaya yana ɗaukar lamba daga 0 zuwa 255. Don sauƙin dubawa, akan rubuta kowane bayit da alamomi biyu na lissafin goma sha shida, wanda ake kira hekza. A wannan lissafi ana amfani da 0 zuwa 9, sannan A zuwa F su tsaya a madadin 10 zuwa 15. Saboda haka `0A` shi ne 10, `27` shi ne 39, `FF` kuma shi ne 255.

Fayil ɗin rubutu ma jerin bayit ne, amma a cikinsa kowane bayit, ko ƙaramin rukunin bayit, harafi yake wakilta. Shekarar 1996, wadda aka ƙirƙiri Jihar Zamfara a cikinta daga tsohuwar Jihar Sakkwato, tana cin bayit huɗu a fayil ɗin rubutu, ɗaya ga kowace alama: `31 39 39 36`. A fayil ɗin binari bayit biyu sun isa: `07 CC`, domin 7 sau 256 a tara da 204 ya ba da 1996. Hakan ya sa fayilolin binari suka fi ƙanƙanta kuma kwamfuta ta fi saurin sarrafa su. Amma babu waƙafi ko sarari tsakanin bayanai. Babu abin da ke nuna inda lamba ɗaya ta ƙare, wata ta fara.

## Abubuwan da ake buƙatar sani

Kafin a karanta kowane bayani a fayil ɗin binari, sai an san abubuwa huɗu game da shi:

* Matsayi: bayit na nawa ne bayanin ya fara, idan aka ƙirga daga farkon fayil. Ƙirgen yana farawa daga 0.
* Girma: bayit nawa bayanin ya ci.
* Nau'i: cikakkiyar lamba ce, ko lamba mai ɗigo, ko rubutu. Idan cikakkiyar lamba ce, tana iya yin ƙasa da sifili ko ba ta iyawa.
* Jerin bayit: idan lambar ta wuce bayit ɗaya, wane bayit ne ke gaba.

Waɗannan bayanai suna cikin takardar bayanin tsari da mai fayil ɗin ya wallafa. Yawancin fayiloli suna farawa da wani sashe mai suna goshin fayil, wanda ke faɗin irin fayil ɗin, girmansa da yadda sauran bayanan suke. Bayit na farko-farko sukan zama alamar shaida. Hoton PNG yana farawa da `89 50 4E 47`, hoton JPEG da `FF D8 FF`, takardar PDF da `%PDF`, fayil ɗin ZIP kuma da `PK`, haruffan farko na sunan Phil Katz wanda ya ƙirƙiro shi. Duba wannan alama ya fi dogaro da ƙarshen sunan fayil, domin kowa yana iya sauya suna.

## Jerin bayit

A Hausa ana cewa ashirin da biyar, babbar lamba ce ke gaba. A Larabci kuwa biyar ake fara ambata kafin ashirin. Kwamfutoci ma sun rabu gida biyu a kan wannan. Wasu tsare-tsare suna sa bayit mafi nauyi a gaba, wasu suna sa mafi ƙanƙanta. A Turance ana kiran na farko big-endian, na biyu little-endian. Danny Cohen ne ya shigo da sunayen cikin ilimin kwamfuta a shekarar 1980, ya aro su daga littafin Gulliver's Travels na Jonathan Swift na 1726, inda wasu mutane suka yi yaƙi a kan ta wane ɓangare ya kamata a fasa dafaffen ƙwai. A wannan maƙala za a kira su babba-gaba da ƙarami-gaba.

A tsarin babba-gaba, 1996 ita ce `07 CC`. A tsarin ƙarami-gaba, `CC 07` ce. Idan aka rubuta ta da tsari ɗaya aka karanta da ɗayan, abin da zai fito shi ne 52,231. Kwamfuta ba za ta nuna wani kuskure ba, domin 52,231 ma lamba ce halastacciya. Furosesa na Intel da AMD da yawancin na wayoyin hannu ƙarami-gaba suke bi. Ƙa'idojin intanet da hotunan PNG babba-gaba suke bi, fayilolin WAV da ZIP kuma ƙarami-gaba. Hoton TIFF yana karɓar duka biyun, yana bayyana wanda ya bi da `II` ko `MM` a bayit biyu na farko.

## Kayan aiki a Python

Guido van Rossum ne ya fitar da Python a shekarar 1991 a ƙasar Holan. Tun daga Python 3, wanda ya fito a watan Disambar 2008, harshen ya raba rubutu da bayit zuwa nau'i biyu daban, `str` da `bytes`. Ana buɗe fayil ɗin binari da alamar `"rb"`. Idan aka manta da harafin `b`, Python zai ɗauka rubutu ne, ya yi ƙoƙarin mayar da bayit haruffa, ya kuma sauya bayit ɗin da ke kama da ƙarshen layi, irin su `0D` da `0A`, ko da kuwa ɓangaren wata lamba ne.

Babban kayan aikin shi ne sashen `struct`, wanda ke zuwa tare da Python. Ana ba shi gajeren rubutu mai bayyana tsarin, sai ya mayar da bayit lambobi. Alamar farko tana faɗin jerin bayit: `<` ƙarami-gaba, `>` babba-gaba. Sauran haruffan suna faɗin nau'i da girma:

| Harafi | Nau'i | Girma |
|---|---|---|
| `B` | cikakkiyar lamba, 0 zuwa 255 | bayit 1 |
| `H` | cikakkiyar lamba, 0 zuwa 65,535 | bayit 2 |
| `h` | cikakkiyar lamba, −32,768 zuwa 32,767 | bayit 2 |
| `I` da `i` | cikakkiyar lamba, marar alama da mai alama | bayit 4 |
| `f` | lamba mai ɗigo | bayit 4 |
| `d` | lamba mai ɗigo, mai ninkin daidaito | bayit 8 |
| `4s` | bayit huɗu yadda suke | bayit 4 |
| `x` | bayit ɗin da za a tsallake | bayit 1 |

Lambobi masu ɗigo suna bin ƙa'idar IEEE 754 ta shekarar 1985. Mai bayit huɗu tana riƙe alamomi kusan 7 daidai, mai bayit takwas kuma kusan 15. Shi ya sa taswira take amfani da mai bayit takwas.

Umarnin `struct.unpack` yana buƙatar adadin bayit ya yi daidai da tsarin da aka ba shi, babu ƙari babu ragi. Umarnin `struct.unpack_from` yana karantawa daga wani matsayi a tsakiyar bayanai, `struct.calcsize` kuma yana faɗin bayit nawa tsari zai ci. Idan lamba ɗaya kawai ake so, `int.from_bytes` ma yana wadatarwa.

## Misali: taswirar Zamfara

Shapefile tsarin ajiye taswira ne da kamfanin Esri na Amurka ya ƙirƙira, ya kuma wallafa bayaninsa ga kowa a watan Yulin 1998. Har yau da shi ake rarraba yawancin taswirar iyakokin jihohi 36 da ƙananan hukumomi 774 na Najeriya, misali a dandalin Humanitarian Data Exchange na ofishin OCHA na Majalisar Ɗinkin Duniya. Shirin GRID3 ma yana wallafa wuraren ƙauyuka, asibitoci, makarantu da iyakokin mazaɓu. Irin wannan taswira ta yi amfani a yaƙi da cutar shan inna a jihohin Arewa cikin shekarun 2010, inda aka yi aiki da ita wajen raba wa ayarin masu rigakafi unguwanni da ƙauyuka, ƙungiyar eHealth Africa mai ofis a Kano tana cikin waɗanda suka yi aikin. Idan ɗigon wani ƙauye ya faɗa inda ba nan yake ba a taswira, ana iya tsallake yaran ƙauyen.

Abin da ake kira shapefile fayiloli uku ne aƙalla masu suna ɗaya. Fayil ɗin `.shp` yana ɗauke da siffofi, `.shx` yana ɗauke da jadawalin inda kowace siffa take, `.dbf` kuma yana ɗauke da sunaye da sauran bayanai. Goshin `.shp` bayit 100 ne, kuma ya haɗa jerin bayit iri biyu a wuri ɗaya:

| Matsayi | Bayani | Nau'i | Jeri |
|---|---|---|---|
| 0 | alamar shaida, 9994 | bayit 4 | babba-gaba |
| 24 | tsawon fayil | bayit 4 | babba-gaba |
| 28 | siga, 1000 | bayit 4 | ƙarami-gaba |
| 32 | irin siffa | bayit 4 | ƙarami-gaba |
| 36 | iyakokin taswira, lambobi huɗu | bayit 8 kowace | ƙarami-gaba |

Irin siffa 1 ɗigo ne, 3 layi ne kamar hanya ko kogi, 5 kuma fili ne mai iyaka kamar ƙaramar hukuma. Alamar shaida a hekza ita ce `00 00 27 0A`. Idan aka karanta ta da ƙarami-gaba, 170,328,064 za ta fito maimakon 9994. Tsawon fayil kuma ba da bayit ake ƙirga shi ba, da tagwayen bayit ne, saboda haka sai an ninka shi sau biyu.

Bayan goshi sai rakodi su biyo ɗaya bayan ɗaya. Kowane rakodi yana farawa da bayit takwas na babba-gaba, wato lambarsa da tsawonsa, sannan jikinsa na ƙarami-gaba. Jikin ɗigo bayit 20 ne: huɗu na irin siffa, takwas na X, takwas na Y. A ɗauka akwai fayil mai ɗauke da hedikwatocin ƙananan hukumomi 14 na Zamfara, daga Anka zuwa Zurmi. Kowane rakodi zai ci bayit 28, fayil ɗin gaba ɗaya zai zama 100 a tara da 14 sau 28, wato bayit 492, lambar da ke matsayi na 24 kuma za ta zama 246. Ga yadda ake karanta shi:

```python
import struct

with open("hedikwatoci.shp", "rb") as fayil:
    goshi = fayil.read(100)
    shaida, = struct.unpack(">i", goshi[0:4])
    if shaida != 9994:
        raise ValueError("Wannan ba shapefile ba ne")
    tsawo, = struct.unpack(">i", goshi[24:28])
    siga, siffa = struct.unpack("<ii", goshi[28:36])
    print("Bayit:", tsawo * 2, "Siffa:", siffa)

    while True:
        kai = fayil.read(8)
        if len(kai) < 8:
            break
        lamba, girma = struct.unpack(">ii", kai)
        jiki = fayil.read(girma * 2)
        iri, = struct.unpack_from("<i", jiki)
        if iri == 1:
            x, y = struct.unpack_from("<2d", jiki, 4)
            print(lamba, x, y)
```

Waƙafin da ke bayan `shaida` da `tsawo` yana nan ne domin `unpack` kullum jeri yake mayarwa, ko da abu ɗaya ne a ciki. Idan taswirar da digiri aka auna ta, rakodin Gusau zai ba da X kusan 6.66 da Y kusan 12.17. X ita ce longitud, nisa zuwa gabas, Y kuma latitud, nisa zuwa arewa. A magana an saba fara ambaton latitud, amma shapefile longitud yake fara ajiyewa. Wanda ya juya su zai ga Gusau ta faɗa cikin ƙasar Kamaru. Ma'aunin da taswirar ta bi yana cikin wani fayil ɗin rubutu mai ƙarewa da `.prj`, kuma idan da mita aka auna, lambobin za su kai dubban ɗaruruwa ko miliyan.

Tun da duk rakodin ɗigo girmansu ɗaya, ana iya tsallakawa kai tsaye zuwa wanda ake so da umarnin `seek`. Rakodi na biyar yana farawa a matsayi na 212, wato 100 a tara da 4 sau 28. Iyakokin ƙananan hukumomi kuwa girmansu ya bambanta, domin iyakar Maru da ta Tsafe ba adadin kusurwa ɗaya gare su ba. A nan ne fayil ɗin `.shx` yake amfani: bayan goshinsa na bayit 100, yana ba da matsayi da tsawon kowane rakodi a bayit takwas-takwas.

## Sunayen garuruwa da haruffa masu lanƙwasa

Fayil ɗin `.dbf` tsarin tsohuwar manhajar dBASE ne ta shekarun 1980. A goshinsa, bayit huɗu daga matsayi na 4 suna faɗin yawan rakodi, biyu daga matsayi na 8 tsawon goshi, biyu daga matsayi na 10 kuma tsawon rakodi ɗaya, duka ƙarami-gaba. Sannan bayanin kowane gurbi ya biyo a bayit 32, mai ɗauke da sunan gurbin, nau'insa da faɗinsa, har a kai bayit `0D`. Sunan gurbi ba ya wuce haruffa 10. Kowane rakodi yana farawa da bayit ɗaya, sarari idan yana aiki, tauraro idan an goge shi. Rakodi na farko a `.dbf` shi ne bayanin siffa ta farko a `.shp`, haka har ƙarshe, jeri ne kaɗai ya haɗa su.

Sashen `struct` ba ya mayar da rubutu, bayit yake mayarwa. Sai an yi amfani da `decode` tare da sunan tsarin haruffan da aka rubuta fayil ɗin da shi. Tsarin da ya fi yaɗuwa a yau shi ne UTF-8, wanda Ken Thompson da Rob Pike suka tsara a shekarar 1992. A cikinsa, haruffan boko marasa lanƙwasa bayit ɗaya suke ci, masu lanƙwasa biyu:

| Harafi | Lambar Unicode | Bayit a UTF-8 | Yadda yake fitowa a Windows-1252 |
|---|---|---|---|
| ɓ | U+0253 | `C9 93` | É“ |
| ɗ | U+0257 | `C9 97` | É— |
| ƙ | U+0199 | `C6 99` | Æ™ |
| Ƙ | U+0198 | `C6 98` | Æ˜ |
| ƴ | U+01B4 | `C6 B4` | Æ´ |

Idan aka karanta sunan Bunguɗu da tsarin Windows-1252, wanda tsofaffin manhajojin Turai ta Yamma suke bi, BunguÉ—u zai fito, kalmar ƙasa kuma ta koma Æ™asa. Bayanan ba su ɓace ba, karatun ne ya kauce, kuma ana iya gyarawa matuƙar ba a sake ajiye fayil ɗin ta hanyar da ta zubar da wasu bayit ba. Sababbin shapefile sukan zo da ƙaramin fayil `.cpg` mai faɗin tsarin haruffan, shi ya kamata a fara dubawa.

Faɗin gurbi da bayit ake auna shi. Bunguɗu haruffa bakwai ne amma bayit takwas. Idan gurbin bayit shida ne, za a yanke sunan a tsakiyar ɗ, `C9` ya rage shi kaɗai, Python kuma ya tsaya da kuskuren `UnicodeDecodeError`. Haka yake ga Ƙauran Namoda da Ɗansadau. Gurbin da suna bai cika ba ana cike shi da sarari, sai a share shi bayan karantawa:

```python
suna = rakodi[1:31].decode("utf-8").rstrip()
```

Wannan layi ya ɗauka gurbin farko faɗinsa bayit 30 ne, ya kuma tsallake bayit ɗin alamar gogewa.

Ko da an karanta bayit daidai, rubutun suna yana iya bambanta tsakanin fayiloli. Takardun hukuma na Turanci suna rubuta Bungudu ba lanƙwasa, tsofaffin taswirori suna rubuta Chafe a madadin Tsafe, kuma sautin da ake rubutawa ƴ a Nijar ana rubuta shi 'y a Najeriya. A wurin kwamfuta waɗannan kalmomi ne daban. Saboda haka ya fi kyau a haɗa fayiloli ta lambar shaidar ƙaramar hukuma ko mazaɓa, idan akwai. Rubutun da ke nuna karin sauti ma yana da irin wannan matsala: à tana iya zama harafi ɗaya, U+00E0, ko a tare da alamar U+0300 a bayanta. A ido ɗaya suke, a bayit daban. Umarnin `unicodedata.normalize` yana mayar da su tsari ɗaya.

## Misali na biyu: faifan murya

Masu nazarin sautin Hausa, musamman karin sauti da tsawon wasali, sukan naɗi murya a tsarin WAV domin ba ya matse sauti kamar MP3. Da irin wannan fayil ake aiki a manhajar Praat ta Paul Boersma da David Weenink na Jami'ar Amsterdam. Kamfanonin Microsoft da IBM ne suka fitar da tsarin a shekarar 1991. An gina shi gunduwa-gunduwa: kowace gunduwa tana da suna na bayit huɗu, tsawo na bayit huɗu, sannan abin da ke cikinta. Fayil ɗin yana farawa da `RIFF`, tsawonsa, sannan `WAVE`. Gunduwar `fmt ` mai sarari a ƙarshen sunanta tana bayyana sautin, gunduwar `data` kuma ita ce sautin kansa.

```python
with open("murya.wav", "rb") as fayil:
    riff, tsawo, wave = struct.unpack("<4sI4s", fayil.read(12))
    while True:
        kai = fayil.read(8)
        if len(kai) < 8:
            break
        suna, girma = struct.unpack("<4sI", kai)
        if suna == b"fmt ":
            jiki = fayil.read(girma)
            iri, tasha, awo, gudu, tubali, bit = struct.unpack_from("<HHIIHH", jiki)
        elif suna == b"data":
            print("Daƙiƙa:", girma / gudu)
            break
        else:
            fayil.seek(girma + girma % 2, 1)
```

Faifan da aka naɗa da awo 44,100 a daƙiƙa, bit 16, tasha ɗaya, yana cin bayit 88,200 a daƙiƙa, wato 5,292,000 a minti ɗaya. Ana yawan cewa goshin WAV bayit 44 ne. Hakan gaskiya ne ga fayil mafi sauƙi, amma na'urorin naɗar murya da dama suna saka ƙarin gunduwa, kamar `LIST`, kafin `data`. Wanda ya tsallake bayit 44 kawai zai karanta wani ɓangaren goshi a matsayin sauti, lokutan da ya auna kuma su goce. Shi ya sa umarnin da ke sama yake bin gunduwa ɗaya-ɗaya. Idan tsawon gunduwa mara ne, ana ƙara mata bayit ɗaya na cikewa, wannan ne dalilin `girma % 2`.

## Kura-kuran da aka fi yi

Idan aka bar alamar `<` ko `>`, `struct` yana bin al'adar kwamfutar da ake aiki a kai, har da saka bayit na cikewa tsakanin lambobi. Tsarin `"<idd"` bayit 20 ne, daidai da jikin ɗigon shapefile, amma `"idd"` bayit 24 ne a yawancin kwamfutocin yau.

Rikita lamba mai alama da marar alama ma yana jawo kuskure. Bayit `FF FF` 65,535 ne idan aka karanta da `H`, −1 ne idan aka karanta da `h`. Sautin WAV mai bit 16 da `h` ake karanta shi.

Umarnin `read` ba ya ƙorafi idan fayil ya ƙare kafin adadin da aka nema, abin da ya samu kawai yake mayarwa. Fayil ɗin da saukewarsa ta katse saboda raunin intanet yana iya zama da goshi lafiyayye amma jiki guntu. Kwatanta tsawon da goshi ya faɗa da ainihin girman fayil yana tona wannan tun da wuri.

Lalataccen fayil, ko wanda aka shirya da mugun nufi, yana iya cewa tsawon rakodinsa biliyoyin bayit ne. Ana duba lambar kafin a nemi karanta ta. Haka kuma ba a buɗe fayil ɗin `pickle` na Python da ya fito daga wanda ba a sani ba, domin buɗe shi yana iya gudanar da umarnin da aka ɓoye a ciki.

Babban fayil ba a ɗora shi gaba ɗaya a memori. Ana karanta shi kaɗan-kaɗan, ko a yi amfani da sashen `mmap`. Idan lambobi iri ɗaya ne masu yawa a jere, kamar sautin faifai, `numpy.frombuffer` ya fi `struct` sauri nesa ba kusa ba.

## Sauran harsuna da manhajoji

Perl, wanda Larry Wall ya fitar a shekarar 1987, yana da umarnin `pack` da `unpack`, kuma Ruby da PHP suna da masu irin wannan suna. Lua ya samu `string.unpack` a siga ta 5.3, JavaScript yana da `DataView`, harshen R kuma yana da `readBin`. Haruffan tsarin sun bambanta daga harshe zuwa harshe, amma tambayoyi huɗun nan na matsayi, girma, nau'i da jeri ba sa sauyawa.

Ga sanannun tsare-tsare akwai manhajojin da aka riga aka rubuta. Ana karanta shapefile da pyshp, GDAL ko GeoPandas, ana kuma duba shi a QGIS. Python yana da sashen `wave` na fayilolin WAV da `zipfile` na ZIP. Construct da Kaitai Struct suna ba da damar bayyana tsarin fayil sau ɗaya a riƙa amfani da shi. Karantawa da hannu yana zama dole ne idan fayil ya lalace, ko na'urar da ta samar da shi ba ta da manhaja, ko kuma sakamakon da manhaja ta bayar yana da alamar kuskure. A irin wannan hali akan fara duba bayit ɗin da ido ta amfani da `xxd` ko `hexdump` a Linux, ko HxD a Windows, a kwatanta su da takardar bayanin tsarin.

## Duba kuma

* Python
* Unicode
* Harshen Hausa
* Jihar Zamfara